Tsakuwar Injin Yankan Ciyawa: Tsautsayi Ne Ko Sakaci?

Wata ranar Talata cikin watan Agusta na raka ƙanin mahaifiyata wata ma'aikata a Kaduna, inda zai sa hannu a takardun fanshonsa. Mun fito ke nan muna tsaye a inuwar darbejiya, sai muka ji tas! kamar an doka kwalba da ƙasa. Ko da muka waiwaya, gilashin ƙofar baya na motarsa ya zube, ya zama ɓurɓushi a kan kujera kamar an watsa ƙanƙara. Babu yaro mai jifa a wurin, babu wanda ya raɓi motar. Can gindin katanga, kamar taku ashirin daga inda aka ajiye ta, wani saurayi ne rataye da injin yankan ciyawa yana ta aikinsa. Bai ma san abin da ya faru ba sai da maigadi ya ɗaga masa hannu.

Ya kashe injin ya taho a guje, silifas a ƙafarsa, ya naɗe hanci da baki da wani tsohon ƙyalle, idanunsa a fili. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don girman Allah ka yi haƙuri, wallahi ban ga dutsen ba." Kawu ya dube shi, ya dubi motar, ya ce, "Tashi, ɗana. Nawa ake ba ka a wuni?" Da yaron ya faɗa, sai Kawu ya girgiza kai, ya ce ya koma bakin aikinsa. Washegari shi ya je Panteka ya sayo wani gilashin da kuɗin aljihunsa.

A hanyarmu ta komawa gida muka soma gardamar da har yau ba ta kwanta ba. Kawu ya ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Na ce masa, "Kawu, abin da ake iya faɗin inda zai faru da yadda zai faru tun kafin ya faru, anya sunansa tsautsayi?" Daga baya na kai maganar gaban wani abokina da ke karɓar kwangilar share ciyawa a makarantu da rukunin gidaje. Ya tsaya a ɓangaren Kawu, amma da hujjojin da ban taɓa kawowa a raina ba, waɗansunsu ma sun sa na rage kaifin bakina.

Kafin a shiga hujjoji, ya kamata a san abin da ke rataye a kafaɗar yaron nan. Wani ɗan kasuwa ne a birnin Houston na Amurka, George Ballas, ya ƙirƙiro injin mai zaren roba a 1971, bayan ya ga yadda burushin wankin mota ke juyawa yana shiga lungu da saƙo. Ya huda gwangwani, ya zura zaren kamun kifi, ya ɗora a kan inji, daga nan aka samu abin da ya sayar da sunan Weed Eater. Zaren ba shi da kaifi ko kaɗan. Gudu ne ke yanka. Ɗauki inji mai kan da ke juyawa sau 7,000 a minti ɗaya, zaren kuma yana zana da'ira mai faɗin santimita 42. Kowane juyi bakin zaren na cin mita ɗaya da ɗigo uku, wato a lissafi yana gudun fiye da kilomita 500 a awa. Tsakuwar da ya taɓa ba ta ɗaukar wannan gudun duka, don zaren ba shi da nauyi. Amma ko kashi ɗaya cikin biyar ta ɗauka, za ta ci mita 15 a kusan rabin daƙiƙa, ta kuma iso fuskar mai riƙe da injin kafin fatar idonsa ta rufe. In faranti ne na ƙarfe aka ɗaura a madadin zare, kamar yadda ake yi wa gamba da tafasa da suka yi kauri, dutsen da zai iya ɗagawa ya fi girma, ya kuma fi nisa.

Gilashin mota kuwa iri biyu ne, shi ya sa ɓarnar take zuwa da fuska biyu. Na gaba ɓawo biyu ne da aka manne da ledar roba a tsakiya, tsakuwa takan yi masa tabo ko ta tsaga shi, ya tsaya a wurinsa. Na gefe da na baya a yawancin motoci an gasa su ne da wuta aka sanyaya da sauri, don in sun fashe su dagargaje ƙanana maimakon su zama wuƙaƙe. Irin wannan ba ya gyaruwa. Tsakuwa mai tsini da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba tana iya zubar da shi gaba ɗaya, kamar yadda muka gani da idonmu.

Hujjar farko ta masu cewa sakaci ne tana cikin kwalin injin kansa. Kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Stihl da Husqvarna da Honda, suna sawa a littafin da ke zuwa da shi cewa kada mutum ko dabba su kusanci mai aiki ƙasa da mita 15. Stihl ya ƙara da cewa a bar wannan tazarar tsakanin inji da motoci da tagogi. Duk sun ce a duba fili a kwashe duwatsu da ƙarafa da fasassun kwalabe kafin a tayar da inji, a sa tabarau na kariya, kada kuma a cire garkuwar robar da ke bayan kan injin. Wanda ya ƙera abu ya gaya maka yana harbi, ya gaya maka nisan harbin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ta ina za a ce ba a sani ba?

Hujja ta biyu ta fi tsufa da injin nesa ba kusa ba, kuma ita ta fi kama ni. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal, inda Manzon Allah (SAW) ya hana harba 'yar tsakuwa da yatsu, ya kuma faɗi dalili: ba ta kashe abin farauta, ba ta karya abokin gaba, abin da take yi shi ne karya haƙori da tsone ido. Tsakuwar yatsa ke nan, wadda ƙarfin ɗan'adam ya tura. Akwai kuma hadisin Abu Musa al-Ash'ari, wanda ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau da ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. A nan ba a ce jama'ar kasuwa su kauce wa mai kibiya ba. Shi aka ce ya rufe tsinin. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da zaunar da ƙa'idar cewa a sha'anin dukiyar mutane, ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Idan kuwa ido ne ya tafi, shari'a ta yanka masa raƙuma hamsin, rabin diyyar rai sukutum. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba a ɗauki ido da wasa ba.

Ido shi ne inda maganar ta fi yi mini ciwo. Gilashin Kawu an sayo wani a Panteka, na Kano su je Ƙofar Ruwa, na Abuja su nufi Apo. Babu kasuwar da ake sayen ƙwayar ido. Tsakuwa mai gudu tana iya tsaga baƙin ido, ta tara jini a cikinsa, ko ta jawo yanar ido bayan watanni, ko ta ɓamɓare tantanin gani na can ciki. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano suna da likitocin da ke ɗinke irin wannan rauni, amma ɗinki daban, dawowar gani daban. Kuma wanda ya fi kowa kusa da harbin shi ne yaron da ke riƙe da injin, sai yara 'yan makaranta da ke tsayawa kallo, waɗanda tsawonsu ya sa fuskarsu ke daidai da hanyar tsakuwa, sai ɗan acaɓa da fasinjansa da ba su da gilashin da zai tare musu komai.

Waɗannan su ne hujjojin da na ɗauka na kai wa abokina, ina ganin magana ta ƙare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa auna mita 15 ɗin nan da ƙafarka?"

Ya ɗauko biro ya zana mini. Mita 15 ta kowace fuska da'ira ce mai faɗin mita 30, filin da ke cikinta ya haura murabba'in mita 700. Fulotin da yawancinmu ke gini a kai, ƙafa 50 sau 100, bai kai murabba'in mita 470 ba. Ke nan babu inda mai inji zai tsaya a cikin irin wannan gida ba tare da tagar maigida, ko ta maƙwabci, ko titin ƙofar gida sun faɗa cikin da'irar ba. A kan titi kuwa, layin mota guda kusan mita uku da rabi ne, mita 15 ta cinye layi huɗu. Wanda zai yanke ciyawar tsakiyar tagwayen hanya bisa wannan ƙa'ida sai ya rufe hannu biyun duka. Ya ce, "Wa zai rufe mini titi don in yanke ciyawa? Dokar da ba mai iya cika ta, an rubuta ta ne don kamfani ya wanke kansa a kotu."

Ya ci gaba da cewa ciyawar kuma ba a barinta. Daga Yuni zuwa Satumba, kyasuwa da gamba kan kai ƙugun mutum cikin 'yan makonni. Duhuwar ciyawa mafakar maciji ce, kuma duk wanda ya san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya san abin da kububuwa ke yi wa mutane. Sauro na kwana a cikinta, ɓera na haƙa rami, a kwanar titi tana tare wa direba ganin abin da ke tafe. Ya ce in an sa ɓarnar rashin yanka a faranti ɗaya, ɓarnar tsakuwa a ɗayan, ba a ma fara awo ba za a ga wanda ya rinjaya. Makarantar da a da ake fito da ɗalibai ɗari da langalanga su share filinta cikin yini biyu, yanzu mutum biyu da inji ke gama ta, yara na aji suna karatu.

Sai ya zo kan ƙasarmu. Littafin injin, in ji shi, an rubuta shi ne da tunanin filin da aka baje, aka tace, aka shuka wa ciyawa. Namu filin marmara ce da burji, da ragowar tsakuwar gini, da fasassun bulo, da murafun lemo, da ƙusoshi. Ka kwashe yau, ruwan dare ɗaya ya tono wasu gobe. A cikin ciyawar da ta kai gwiwa ba a ganin dutse sai an yanke ta, kuma yankan shi ke harba dutsen. Ya ce wanda ke cewa a tsince duwatsu tukuna bai taɓa sunkuyawa cikin ƙarangiya ba.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce ta fi ƙarfi, kuma daga littafin malamai ya ɗauko ta. Ya tuna mini da shari'ar raƙumar Barra'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa, wadda ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, tsare dabbobi da dare kuma na masu dabbobi. Ya ce ashe shari'a ta san raba nauyi, ba kullum take jibge shi a wuyan mutum ɗaya ba. Injin nan ƙararsa na kai wa ƙarshen layi. Mai mota ya ji, ya gani, ya zo ya ajiye motarsa a gindin mai aiki saboda nan inuwa take. Ya ce sau nawa yaransa ke zagayawa ofis-ofis suna roƙon a janye motoci, a ce musu yallaɓai yana taro, a dawo an jima. Su kuma da awo ake biyansu, ga man fetur da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na yi kwanaki ina juya waɗannan maganganu, kuma dole in ba shi gaskiyarsa a wurare uku. Mita 15 ba ta samuwa a yawancin inda ake aikin nan. Ciyawa ba ta baruwa. Mai motar da aka gargaɗa ya ƙi motsawa kuma yana da nasa kason, ban ga malamin da zai ce a biya shi cikakke ba. Inda na rabu da shi shi ne abin da ya gina a kan waɗannan gaskiyoyi. Ya ɗauka tunda ba a iya cika ƙa'idar duka, to babu sauran abin yi sai addu'a. Tsakanin mita 15 da rashin komai akwai fili mai faɗi, kuma kusan duk abin da ke cikinsa mai araha ne.

Tazarar nan ana neman ta ne idan babu abin da ya shiga tsakanin inji da jama'a. Idan an sa shamaki, lissafi ya canza. A Japan, inda tituna suka fi namu ƙunci, abin da aka saba gani shi ne mai inji na tafe, wani na biye da shi riƙe da raga mai firam, yana tare tsakaninsa da motoci. Ba wata fasaha ce mai zurfi ba. Gora biyu da tamfol, ko ragar inuwa irin ta masu rainon tsirrai a ninka ta biyu, ko buhunan da aka farke aka ɗinke, duk za su sha ƙarfin tsakuwa su yar da ita. Sako-sako ma ya fi, don abin da ya yi laushi yana haɗiye bugu, falle na kwano kuwa yana iya maido da dutsen kan mai aiki. A gida, tabarma ko tsohon bargo a jikin taga ya wadatar. Tsadar abin ba ta cikin raga, tana cikin ladan mutum na biyun da zai riƙe ta. Zan dawo kan wannan.

Sannan tsakuwa ba ta tashi ta ko'ina daidai wa daida. Yawancin injinan nan masu miƙaƙƙiyar ƙota, in ka dube su daga sama, kansu na juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka abin da goshin injin ya taɓa hagun mai aiki yake nufa. Masu lanƙwasasshiyar ƙota galibi akasin haka suke. Wanda ya san wannan zai tsara tafiyarsa yadda titi ko taga za su kasance a hannun da ba ya harbi, katanga ko fili su kasance a ɗayan. Bai kawar da hatsari duka ba, don dutse na iya dukan bango ya karkata, amma ya rage shi sosai, kuma ko sisi ba a kashe ba. Na tambayi yara uku masu wannan aiki ta wane hannu injinsu ke jifa. Duka sun sani, jikinsu ya gaya musu. Babu wanda aka taɓa ce wa ya yi amfani da sanin.

Maganar cewa ba a ganin dutse cikin doguwar ciyawa gaskiya ce, amma amsarta na cikin yankan kansa. A yi shi hawa biyu: a fara sare sama a bar kamar taƙi ɗaya, a ja manjagara a kwashe abin da ya bayyana, sannan a sauko. Kuma a daina aske ƙasa. Mu ne muke so mu ga fili ƙwal kamar kan da wanzami ya gama da shi, mai ba da aiki ya zo ya ga ɗan kore ya ce ba a yi komai ba. Don haka yaro ke kifa kan injin yana tonon ƙasa har ƙura na tashi, kuma a nan ne kusan duk tsakuwar ke fitowa. Zaren da ke yawo yatsu uku ko huɗu sama da ƙasa da wuya ya sami abin harbawa. Ga shi kuma saiwar da aka bari ita ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta ya tono sababbin duwatsu. A kusa da mota ko taga, sassauta totur ma na rage ƙarfin jifa.

Akwai abu biyu da ba na karɓar wani uzuri a kansu. Na farko cire garkuwa. Masu aikin na cire ta ne don ɗanyar ciyawa na cushewa a ciki, kuma in babu ita zare na iya tsawo ya ci fili da yawa a shara ɗaya. Amma ita ce kaɗai ke tsakanin kan injin da ƙafafu da fuskar mai riƙe da shi, kuma 'yar wuƙar da ke jikinta ce ke datse zaren kada ya wuce kima. Na biyu ya fi muni: sa wayar ƙarfe ko sarƙa a madadin zaren roba don zare na saurin ƙarewa. Ƙarfe na gajiya ya tsinke, gutsuren kuma ya fita kamar harsashi. A Ingila a 2010 wani ɗan zoben sarƙa ya ɓalle daga irin wannan kai ya kashe mutumin da ke kusa, kuma a watan Janairun 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar da kawunan inji masu haɗaɗɗun ƙarafa irin wannan. Waccan sarƙa ma a masana'anta aka yi ta. Ina ga wayar birki da aka murɗa da hannu a gindin bishiya?

Wasu na cewa a huta da duk wannan a yi feshin maganin kashe ciyawa. A tsakanin intalok da gindin katanga yana da amfani, amma ba a feshe filin wasan yara da bakin rijiya da inda awaki ke kiwo, ƙasar da aka bari tsirara kuma ruwa ke kwashewa.

Wanda na fi so a waiwaya shi ne lauje. Ba cewa nake a jefar da inji a koma jiya ba, abokina ya yi gaskiya a kan filin makaranta. Amma hatsarin ba a tsakiyar fili yake ba, yana bakin-baki ne: gefen kwalta inda tsakuwa ke taruwa, gindin taga, wurin ajiye motoci, bakin ƙofar aji. Wannan ɗan zirin, taku ɗaya ko biyu, lauje da langalanga na gamawa da shi ba tare da sun harbi kowa ba. Kuma ciyawar da lauje ya yanka dukiya ce. Duk garin Hausa da damina za ka ga masu dami a kan keke da baro suna kai harkiya da kyasuwa ga masu turkar raguna. Wadda inji ya niƙe ta haɗe da ƙasa da gutsattsarin roba, sai dai a tara a zubar. Na san unguwannin da masu yankan ciyawar dabbobi za su share bakin titi kyauta in an ba su izini, su tafi da abin da suka yanka.

Yanzu sai tambayar da Kawu ya yi wa yaron, wadda ita ce gindin maganar duka: nawa ake ba ka a wuni? Kawu ya gane cewa karɓar kuɗin gilashi daga hannun wannan yaro zalunci ne, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda muka saɓa shi ne, shi ya ga mutum biyu ne kawai a wurin, shi da yaron, don haka ko dai ya matsa wa talaka ko ya haƙura. Alhali akwai na uku da bai fito rana ba. Akwai wanda ya sa hannu a takardar aikin, ya zaɓi ɗan kwangilar da ya fi kowa araha, ya ce a yi aikin ranar Talata da hantsi lokacin da harabar ke cike da motoci maimakon Asabar da sassafe, bai tambayi ko akwai tabarau ba, bai sa a zagaya a ce a janye motoci ba. Yaron bai zaɓi rana ba, bai zaɓi inji ba, ba shi ya hana a ɗauki mai riƙe raga ba. Duk shawarar da ta haifi fashewar gilashin nan a ofis aka yanke ta, ko a aljihun ɗan kwangila.

Dokar ƙasa ma ta san da haka. Ƙa'ida ce sananniya a kotunanmu cewa in ma'aikaci ya yi sakaci a bakin aikinsa, wanda ya ɗauke shi aiki na iya ɗaukar alhakin. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, don wanda ya ji rauni a wurin aiki. Sai dai leburan wuni da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba da wuya ya ci moriyarta. Mai mota kuma galibi inshorar da ke hannunsa ita ce mai biyan ɓarnar da ya yi wa wani, ba ta san da gilashinsa ba. Ga shi tsakuwa ba ta barin shaida: motar da ke gudu a titi ta ji ƙara, kafin direba ya sami wurin tsayawa ya wuce mai injin da nisa. Don haka a aikace asarar na sauka ne a kan wanda ba shi da hannu a komai, shi kuwa mai ikon hanawa ba ya jin ko ƙwarzane. Muddin haka lissafin yake, babu ɗan kwangilar da zai ƙara wa kansa ladan mutum na biyu, don abokin takararsa da bai ƙara ba shi zai karɓe aikin.

Da na faɗa wa abokina haka, bai musa ba. Ya ce, "Ai ka zo inda nake. Ni ba ƙin raga nake ba. A sa ta cikin takarda, a sa wa kowa, a biya." Na ce masa akwai abin da ba sai an jira takarda ba: tabarau, da mayar da garkuwa, da hana waya, da koya wa yara hannun da inji ke jifa. Ya ce tabarau ya taɓa saya, yaran suka ce gumi na sa shi hazo, suka ajiye. Na ce akwai mai ramukan iska a gefe, kuma ragar fuska ita kaɗai ba ta tare ƙananan tsakuwa, sai an haɗa da tabarau a ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sake gwadawa, wannan karon wanda ya cire ba zai riƙe inji ba.

Kan raga kuwa, ya rubuta wa ɗaya daga cikin makarantun da yake wa aiki cewa yana so a mayar da yankan ranar Asabar, a ƙara masa ladan mutum guda da zai riƙe tamfol a bakin titi, a kuma bar masa zirin gindin ajujuwa ya sa a yi da lauje. Sun amince da Asabar nan take, da yake ba ta cin kuɗi. Ladan mutum gudan, sun ce sai kwamiti ya zauna.